Sanatan da Ya Ci Goron Gayya

Garin Gubuchi bai rasa masu baki ba, amma bakin Labaran daban Allah ya yi shi. Mutum ne dogo mai tumbi, ya yi shekaru yana kamasho a tashar mota a Zariya, ya dawo gida da murya mai tsaga kunne, da babbar riga ɗaya ruwan toka, da cikakken tabbaci cewa ba don riƙe fartanya aka halicce shi ba. Gonar masarar da ya gada ita ce ke ciyar da gidansa daga kaka zuwa kaka, amma matarsa Asibi ce ke ɗawainiyarta daga cikin gida. Ita ke tuna lokacin shuka, ita ke roƙon ƙannenta su zo su kama. Aikin Labaran shi ne ya tsaya a bakin gona yana nuni da sanda.

Siyasa kuwa ya ɗanɗana ta, ta kuma ɗanɗana shi. Ya nemi kansila a wata jam'iyya, aka yi zaɓen fid da gwani bai samu kowa a bayansa ba, har wakilin da ya cinye masa tsire. Ya yi fushi ya koma wata, suka karɓe shi hannu bibbiyu suka ba shi aikin jera kujeru. Daga nan ne zuciya ta ɗebe shi. Wata safiya a farkon damina ya doshi rumfar Lawal mai faci, abokinsa tun suna yara, ya zauna a kan tsohuwar taya ya gyara wuyan riga.

"Lawal, na yi hannun riga da jam'iyyu. Sanata zan tsaya. Sanatan jiha, mai zaman kansa, mai wakiltar Ikara da Makarfi da Kudan gaba ɗaya."

Lawal bai ko ɗago daga tiyub ɗin da yake dannawa cikin ruwa ba. Ya ce, "Jiha ba ta da sanata, Labaran. 'Yan majalisa gare ta. Sanatoci suna Abuja."

"To ka gani! Kujerar da babu kowa a kanta, da wa zan kara?"

"Kuma ba a tsayawa sai da jam'iyya. Sunanka ba zai fito a takardar ƙuri'a ba."

"Doka ai mutane suka rubuta ta. Ranar da ta leƙo ta ga taron da ke bayana, da kanta za ta matsa ta ba ni wuri."

"Ina taron?"

Taro tsada gare shi. Jam'iyyu da bas-bas suke kwaso nasu, da atamfa da taliya, shi kuwa ko keke mai birki ba shi da shi. Ana cikin haka sai iska ta kawo sautin gangar noma daga wata gona can nesa, inda ake gayya. Labaran ya miƙe tsaye har tayar ta kife.

"Gayya! Ga taro kyauta, ga kiɗa, ga kirari. Zan kira gayyar da ba a taɓa yin irinta ba tun da aka sari Gubuchi."

Lawal ya ce, "Ka dai san yadda gayya take. Wanda ya zo maka, ran da ya aiko da goro sai ka je masa."

"Wannan tsakanin manoma ke nan. Wa zai aiko wa Sanata goro ya zo ya yi noma?"

Ya tafi yana karkaɗa riga, Lawal ya bi shi da kallo ya ci gaba da neman hujin tayarsa.

A gida ne aka yi ta. Asibi na tankaɗe a tsakar gida ya zayyana mata shirin, ta ajiye rariya ta dube shi.

"Baban Rahama, gonar nan mutum goma sun yi mata yawa. Ƙananan hukumomi uku za ka kira mata?"

"Ba gonar za su zo gani ba, ni za su zo gani."

"To me za su ci?"

Ya nuna rumbu da leɓe.

"Wannan shi ne abincinmu har sabuwa ta nuna," in ji Asibi. "In ka buɗe shi, da me zan ɗora tukunya a tsakiyar damina?"

"Ke matar Sanata ce kike maganar tukunya? Nan da baɗi shinkafa 'yar waje za ki riƙa ba kaji."

Asibi ta ɗauki rariyarta. Ta san mijinta, in ya hau irin wannan dokin sai ya kayar da shi yake sauka. Abin da ya dame ta shi ne duk faɗuwar da zai yi, a kanta da 'ya'yanta yake faɗowa.

Labaran ya sayi goro ƙwarya guda, ya hau acaɓa ya bi ƙauyuka. Ya je Janfalan wajen Sarkin Noma Ja'afaru, dattijo baƙi siriri wanda hannunsa ya yi kanta kamar bayan ƙwarya. Ya je Hunkuyi, ya je ƙauyukan da ko sunansu bai iya faɗa daidai ba. Duk inda ya ajiye goro sai a karɓa a ce Allah ya kai mu, don ba a mayar da goron gayya. Shi kuwa ya dawo yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa ƙasa ta amsa.

Ranar gayya, tun hantsi bai dubi ludayi ba, hanyar gonar ta cika. Mutanen Janfalan suka zo da makaɗansu, na Hunkuyi suka zo da nasu, na Gubuchi suka fito kallo da fartanyoyinsu don kada a ce ba su zo ba. Manoma sun fi masarar yawa. Labaran ya hau kan suri da babbar rigarsa zai yi jawabi, ya ce, "Ya ku jama'ar mazaɓata," sai makaɗin Janfalan ya saki ganga, na Hunkuyi ya mayar masa, samari suka yi kururuwa suka afka cikin gona.

Wanda bai taɓa ganin zaratan ƙauyuka biyu suna gasa a kunya ɗaya ba, bai ga ɓarna ba. Kowa so yake ya riga kowa fita ƙarshen gona, kuma fartanya ba ta tambayar wannan ciyawa ce ko masara. Wanda ya sare ya wuce, na bayansa ya tattake. Kafin Labaran ya sauko daga kan suri an gama, an ma sake bi. Waɗanda ba su samu wuri ba suka ga kunya ce su koma gida fartanya ba ta taɓa ƙasa ba, sai suka tsallaka iyaka suka nome gonar maƙwabci tas. Gonar Lawal ce.

"Allah ya ja zamanin Sanata," in ji Lawal, yana zagaya dawarsa hannu a baya. "Wallahi wakilci ya fara isowa gare mu."

Sannan aka zauna ci. Tuwo ya fito daga gidan Asibi akushi-akushi, fura ƙwarya-ƙwarya, har matan unguwa da suka taya ta tuƙi hannayensu suka sage. Aka ci aka side, aka yi addu'a, kowa ya saɓa fartanyarsa. Labaran ya tsaya a bakin hanya yana ɗaga musu hannu biyu, yana cewa kada su manta ranar zaɓe. Suka ce ai ba za su manta da shi ba. Gaskiya suka faɗa.

Da yamma Asibi ta aika ƙaninta ya dubo gonar, ya dawo da bayani, ta tari mijinta da shi. Rabin masarar ya tafi. Rumbu kuwa in ka leƙa sai ka ga ƙasansa.

"Abin da ya rage zai iya riƙe mu," ta ce, "in an yi maimai a kan lokaci aka sa taki. Ƙannena sun ce bana ba su ba gonar nan, tunda kana da ƙananan hukumomi uku. Kai za ka yi da hannunka, Baban Rahama. In ciyawa ta riga ka, wallahi yunwa za mu kwana da ita."

"Gobe-goben nan," in ji Labaran.

Gobe ba ta zo ba sai da goro. Wani jakada daga Janfalan ya yi sallama a rumfar Lawal, inda Labaran ya mayar ofishinsa, ya durƙusa ya ajiye ƙunshin ganye. Labaran ya kwance, ga goro fari ƙal manya-manya. Ya ɗaga ɗaya sama don kowa ya gani.

"Kun gani? Janfalan ta yi mubaya'a."

Lawal ya ce, "Kada ka ci."

Labaran ya ɓare ya jefa a baki.

"Sarkin Noma ya ce jibi ne, da sassafe," in ji jakadan. Ya tashi ya tafi.

Kafin la'asar goron Hunkuyi ya iso. Washegari na wasu ƙauyuka suka biyo. Labaran ya ci wannan, ya ci wancan, har haƙoransa suka yi ja, yana cewa ko gwamna bai taɓa samun irin wannan karɓuwa ba.

Ya isa Janfalan cikin babbar riga da hula ƙube, da jawabi a bakinsa. Ya tarar da jama'a a bakin wata gona da ba a hango ƙarshenta. Sarkin Noma Ja'afaru ya tare shi da gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, ya tambayi gajiyar ranan nan, sannan ya miƙa masa fartanya.

Labaran ya karɓa da murmushi. "Kyauta ce? Alamar jam'iyya? Ai ni ba ni da jam'iyya, ranka ya daɗe."

"Kunyarka ce waccan, ta tsakiya."

"Ai ni jawabi na zo yi."

"Ka yi shi kana tafe. Mu ma da muka je taka ba zama muka yi ba."

Aka sa shi tsakanin zarata biyu, ganga ta tashi. Sara uku ya yi hular ta faɗi. Ya sunkuya ɗaukar hula riga ta rufe masa kai. Ya yaye riga ya kai sara, fartanya ta sami takalminsa ta raba shi biyu. Zaratan suka kai ƙarshe suka dawo, suka sake kaiwa suka dawo, shi yana nan inda inuwar bishiyar bakin gona ba ta ma sake shi ba. Makaɗi ya zo ya tsaya a kansa yana yi masa kirari, wai ga Sanata mai noma da tumbi, ciyawa ta gan shi ta gyara zama. Matan da suka kawo fura suka yi dariya har wata ta zubar da tata.

Da ya dawo Gubuchi yana tafiya kamar an ɗaure masa itace a baya, Lawal ya tambaye shi yaya taro.

"Na duba matsalar manoma tun daga tushe," in ji Labaran. "Wane ɗan takara ne ya taɓa sunkuyawa haka?"

A Hunkuyi fadama ce, shinkafa ake cirar wa ciyawa. Ya sa ƙafa ɗaya ta nutse har gwiwa, ya sa ta biyu don ya ciro ta farko, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Sai da mutum huɗu suka kama shi suka fizge kamar ana tuge rogo, wandon ya zauna a cikin laka. Ya gama yinin da buhun taki ɗaure a ƙugu. Ya gaya wa mutanen Gubuchi cewa ya ƙaddamar da binciken ƙasa, kuma idan ya hau zai sa a yi wa fadamar siminti.

Kullum ya fita da asuba Asibi sai ta ce, "Gonarmu fa?" Kullum sai ya ce gobe. Ruwa kuwa bai san siyasa ba, zuba yake yi, ciyawa tana sha.

Da abin ya ishe shi sai ya ɓullo da dabara. Ya sa aka baza cewa an kira shi Abuja ganawa da manya, ya lallaɓa ya ɗage murfin rumbu ya shige, tunda yanzu akwai wuri. Ba a jima ba mutanen wani ƙauye suka yi sallama, Asibi ta amsa daga bayan zana.

"Maigidan yana nan? Yau ce ranarmu, ya ci goronmu."

Asibi ta dubi tukunyar da ba ta ɗora ba, ta dubi rumbu.

"Yana Abuja," ta ce. "Ku shigo, ga Abujar can kusa da turken akuya. Ku ɗaga murfin a hankali, kada ku tayar da manya."

Suka fito da shi da ƙaiƙayi a gemu. Bai daina magana ba har suka ɗora shi a babur, wai yana duba yanayin ajiyar hatsi ne a matakin iyali.

Daga nan ya yanke shawarar kashe maganar gaba ɗaya. Zai yi gangami ranar kasuwar Makarfi, ya ƙaddamar da takara a gaban duniya, ya sanar cewa daga yau Sanata ya fi ƙarfin fartanya. Ya ari lasifikar mai tallan maganin gargajiya, ya roƙi wani direba ya bar shi ya hau bayan a-kori-kura. Asibi ta wanke rigar ba don ta yafe ba, sai don kada a ce matarsa ƙazama ce.

Kuma jama'a suka zo. Wallahi suka zo. Labaran ya hango su suna ɓullowa ta kowace kusurwa, ƙungiya-ƙungiya, kowa da fartanya a kafaɗa, har 'yan kasuwa suka fara janye tabarminsu. Ƙirjinsa ya buɗe. Ya duƙo ya ce wa Lawal, "Ina dokar taka? Ta zo ta gani!"

Ya kai lasifika baki. "Ya ku jama'ar Ikara da Makarfi da Kudan! Wa kuke so?"

"Labaran!"

"Ban ji ba! Wa kuke nema?"

"Kai muke nema!"

"Yaushe?"

"Gobe!" in ji wani ɓangare.

"Ƙarya ne, gobe tamu ce!" in ji wani. "Mu muka riga kai goro!"

"Ku kun samu rabin yini, mu ko ƙeyarsa ba mu gani ba!"

Kafin ka ce me, an fara nuna wa juna yatsa, fartanyoyi sun sauko daga kafaɗa. Labaran ya yi ta cewa a kwantar da hankali, kowa zai samu rijiya da makaranta. Wata tsohuwa mai suna Hassana, wadda ta aika 'ya'yanta biyu gayyarsa, ta kutsa har gindin motar ta daki ƙarfen da sandarta.

"Riƙe rijiyarka, ɗan nan. Barkonona ciyawa ta shaƙe shi. Ka ci gorona ko ba ka ci ba?"

"Na ci, Inna, amma a matsayin..."

"To a matsayin nan za ka zo."

Sarkin Noma Ja'afaru ne ya raba gardamar. Ya ɗaga hannu aka yi tsit, ya ce tunda abin na siyasa ne, a yi shi a siyasance. Kowane ƙauye ya ja layi, wanda layinsa ya fi tsawo shi ke da Labaran gobe, na biye jibi, a haka har a gama. Nan take kasuwa ta zama filin zaɓe. Masu rake suka bar rakensu suka shiga layi, masu tumatir suka zama 'yan sa ido, har da masu zargin an shigo da baƙin fuska daga Kudan. Labaran na tsaye a kan mota, gumi na bin wuyan rigarsa, amma bai fasa ba. Ya ce wa mai maganin gargajiya, "Ka dai shaida, a kaina ake wannan layin."

Ana cikin jera ƙauyuka sai Lawal ya matso gaban Sarkin Noma, ya durƙusa ya ajiye ɗan ƙunshin ganye. Goro ne ƙwaya ɗaya, ƙanƙane, ya fara bushewa.

"Daga ina?" in ji Ja'afaru.

"Daga gidansa, ranka ya daɗe. Matarsa Asibi ce ta aiko. Ta ce tunda sai da goro ake samunsa, ita ma ga nata. Tana roƙon a ba ta shi yini ɗaya ya nome gonar gidansu, kafin ciyawa ta gama da abin da 'ya'yanta za su ci."

Wani ya tuntsire da dariya daga baya, sai gaba ɗaya aka ɗauka, har masu awo suna riƙe ciki. Labaran ya buɗe baki, lasifika ta yi ƙara, ya sauke ta.

Ja'afaru bai yi dariya ba. Ya juya goron a tafin hannunsa ya ce, "Baiwar Allah ta yi gaskiya, kuma ta bi hanya. Amma ita ta zo ƙarshe, ga mutane sun riga ta. A sa ta a bayan layi."

"Bayan layi yaushe ke nan?" in ji Lawal.

Dattijon ya dubi layukan da suka miƙe har bakin titi. "In Allah ya kai mu, wajen kaka."

Layin su Hassana ne ya fi tsawo. Samarinsu suka sauko da Labaran daga kan mota suka ɗaga shi sama don kada ya sulale, suka nufi hanyar ƙauyensu da shi, tun yau, wai ya kwana kusa da aiki. Da ya ga an ɗauke shi a kafaɗa ana ratsa kasuwa, sai hannunsa ya tashi da kansa ya fara ɗaga wa jama'a.

Haka Labaran ya ƙare daminarsa a gonakin mutane. Tumbin ya tafi, rigar ta zama tsumma, maganar kujera kuwa ko shi ya daina tayar da ita sai in an tsokane shi. Ranar da ya biya gayyar ƙarshe ya dawo Gubuchi da la'asar, ƙamshin gasasshiyar sabuwar masara na tashi daga kowane gida. Ya bi ta gonarsa. Bai gane ta ba sai da ya ga surin da ya taɓa hawa. Ciyawa ta kai masa kafaɗa, masarar kuwa 'yan karare ne rawaya, ba goyo ko ɗaya.

Ya shiga gida ya zauna a kan tabarma, ya yi gyaran murya irin ta masu shirin jawabi. Asibi ta kawo kwano a rufe ta ajiye a gabansa. Rahama da ƙannenta suna gefe da nasu kwanon, suna ci. Ya buɗe. Dafaffen ganyen tafasa ne, ba ƙuli, ba mai, sai ɗan gishiri.

"Mene ne wannan, Asibi?"

"Amfanin gonarka ne na bana, ranka ya daɗe," ta ce. "Da safe na aika aka girbo. Ci a hankali, shi za mu ci gobe ma."

Labaran ya dubi 'ya'yansa, ya dubi kwanon. Ya sa hannu ya ci.